Neman Zaƙi Ba Tare da Ƙiba Ba: Tarihin Sakarin da 'Yan Uwansa

A shekarar 1863, William Banting, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, ya wallafa ɗan littafi yana bayanin yadda ya rage ƙiba. Abin da ya yi shi ne barin sukari da burodi da man shanu da madara da dankali da giya. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, sai dai shawararsa tana da nauyi, domin dukkanmu mun san wuyar rabuwa da zaƙi. Daga nan aka shiga neman abin da zai faranta wa harshe rai ba tare da ya tara kitse ba.

Na farkonsu bisa tsautsayi aka same shi. A 1879, Constantin Fahlberg yana bincike kan sinadaran kwaltar gawayi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ya zauna cin abinci bai wanke hannu sosai ba, sai ya ji burodinsa ya yi zaƙi. Da ya bi diddigi, ya gano sakarin, wanda ya ninka sukari zaƙi kimanin sau 300, kuma jiki ba ya sarrafa shi, fitar da shi yake yi ta fitsari. Shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda likitansa ya ɗora shi a kan sakarin, ya taɓa kiran duk mai cewa yana cutarwa wawa, lokacin da babban jami'in binciken abinci, Harvey Wiley, ya nemi a taka masa birki.

Ƙarancin sukari a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yaɗa shi, saboda araha. Wannan arahar ce ma ta sa muka san shi a nan, inda wasu masu zoɓo da kunu ke jefa shi don su rage kuɗin sukari.

Sauran ma ta baki aka gano su. A 1937, Michael Sveda, ɗalibi a Jami'ar Illinois, ya ji zaƙi a kan tabar da ya ajiye a ɗakin gwaji, aka samu saiklamet. A 1965, James Schlatter yana haɗa maganin gyambon ciki, ya lashi yatsa zai ɗauki takarda, aka samu asfatam. Kamfanonin lemo suka yi caa: Diet Rite a 1958, Tab a 1963, Diet Coke a 1982. Alkawarinsu ɗaya ne, wato ka sha son ranka, tumbi ba zai fito ba.

Tsoro kuma bai daina bin su ba. Amurka ta haramta saiklamet a 1969 bayan gwaji ya nuna cutar daji a mafitsarar ɓeraye. A 1977 aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke da sakarin, sannan aka janye shi a 2000 da aka gane abin da ke faruwa a jikin ɓera ba shi ke faruwa a jikin mutum ba.

Babbar tambayar ita ce, shin suna rage ƙibar? A watan Mayun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage nauyi, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa ba wajen rage kitse. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba. Abin da hukumar ta fi so shi ne mu rage sabon harshenmu da zaƙi tun daga yarinta. Tun 2015 ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, alhali gwangwanin lemo guda na iya ɗauke da cokali 8 ko 9.

Bayan shekara sama da 140 ana laluben dabara, mun dawo kusa da inda kakanninmu suke. Alkaki da nakiya kayan gara ne, ana ganinsu ranar biki, a gutsura a miƙa wa na kusa. Mai son rage ƙiba yana iya cin nasa rabon a irin wannan rana. Abin da ya kamata ya ƙirga shi ne cokulan da ke shiga shayinsa kowace safiya, da kwalbar lemon da ke raka tuwonsa kowane dare.