Zephyr: Jirgin Ƙasan Da Ya Rage Nauyi Ya Dawo Da Fasinja

Jama'a, yau mu ɗan huta da siyasa, ga wani tarihi.

A farkon shekarun 1930 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ga kuma mota ta fara kwashe wa jiragen ƙasa fasinja. Kamfanin Burlington yana ta tafka asara da manyan jiragensa masu cin gawayi. Shugabansa, Ralph Budd, ya ce a ƙera masa jirgi marar nauyi wanda ba zai ci kuɗi ba.

Kamfanin Budd na birnin Filadelfiya ne ya karɓi aikin. Suka yi gangar jikin da ƙarfen da ba ya tsatsa, suka haɗa shi da sabuwar dabarar walda ta lantarki wadda ba ta lalata ƙarfen. Tarago uku ne kacal, kowane biyu suna hawa kan ƙafafu guda a mahaɗarsu, tayoyi suka ragu, nauyi ya ragu. Goshinsa a sulɓe don iska ta wuce. Injin dizal mai ƙarfin doki 600 shi ke ba da wutar da ke juya tayoyin. Aka raɗa masa suna Zephyr.

Ranar 26 ga Mayu, 1934 aka gwada shi. Ya taso daga Denver da asuba, bai tsaya ko'ina ba sai Chicago: kilomita 1,633 cikin awa 13 da minti 5. A wani wurin gudunsa ya kai kilomita 181 a awa. Mutane suka yi ta fitowa bakin layin dogo don kallo.

A watan Nuwamba na shekarar ya fara jigila tsakanin Lincoln, Omaha da Kansas City. Fasinja suka dawo har kujeru suka yi kaɗan, dole aka ƙara tarago na huɗu. Sauran kamfanoni suka bi sahu, daga nan jirgin gawayi ya fara ban kwana.

Abin da ya fi burge ni ba gudun ba ne. Shekara 26 ya yi yana aiki, sai 1960 aka yi masa ritaya, kuma har gobe yana gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Chicago. Mu da ke aikin ofis mun san ƙaddamar da abu ba wuya, riƙon ne aiki. Allah ya ba mu masu riƙo.