Esperanto: Takaddamar gyara harshen da aka ƙirƙira

Esperanto dai shi ne harshen da ya fi karɓuwa a cikin harsunan da aka zauna aka ƙirƙira da gangan, kuma tun farkonsa ake kai ruwa rana a kan tambaya guda: a bar shi yadda yake, ko kuwa a riƙa yi masa kwaskwarima?

Wani likitan ido Bayahude mai suna Ludwik Zamenhof ne ya wallafa littafin farko na harshen a birnin Warsaw a 1887, lokacin da yankin ke ƙarƙashin daular Rasha. Littafin na ɗauke da ƙa'idojin nahawu 16 da saiwoyin kalmomi kimanin 900, kuma burinsa shi ne al'ummomin duniya su sami harshe na biyu da ba mallakar kowa ba.

Abin da ya sami Volapuk

Kafin Esperanto, harshen Volapuk ne ke tashe, wanda wani limamin Katolika Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya ƙirƙira a 1879.

Yayin da wasu almajiransa suka nemi a sauƙaƙa nahawun, sai Schleyer ya kafe cewa harshen nasa ne, kuma ba za a taɓa ko da harafi ɗaya ba sai da yardarsa. Bayan babban taron da aka yi a Paris a 1889 aka rabu baram-baram, kuma cikin 'yan shekaru magoya bayan suka watse.

Zamenhof ya bi wata hanyar dabam. Ya sallama duk wani haƙƙin mallaka, sannan a 1894, bisa matsin lambar masu neman sauyi, ya tsara gyare-gyare ya miƙa wa masu karanta mujallar La Esperantisto su kaɗa ƙuri'a. Mafi yawansu suka ce a bar harshen yadda yake.

Tushen da ba a taɓawa

A 1905 mutane 688 suka hallara a garin Boulogne-sur-Mer na Faransa, inda suka amince da littafin Fundamento a matsayin tushen harshen, wanda babu mai ikon sauya shi, har shi Zamenhof kansa.

Hujjarsu ita ce babu wanda zai ɓata lokacinsa wajen koyon harshen da ka iya canzawa baɗi, kuma babu mai zuba kuɗi ya buga ƙamus da zai tsufa kafin ya sayar.

Sai dai an bar wata kafa. Ana iya shigo da sabuwar kalma ta zauna tare da tsohuwa, masu magana su zaɓa, wadda aka ƙaurace wa ta zama tsohon yayi ba tare da an soke ta ba.

Ɓarakar 1907

Wannan bai gamsar da kowa ba. A 1907 wani kwamitin masana da Bafaranshen masanin falsafa Louis Couturat ke ja wa gaba ya zauna a Paris domin zaɓa wa duniya harshe guda. A nan ne aka gabatar da wani gyararren Esperanto mai suna Ido, wato ɗa ko zuriya.

Ido ya kawar da haruffa shida masu alama a ka, irin su ĉ da ŝ, waɗanda ke wahalar da maɗaba'u, kamar dai yadda ƙ da ɓ da ɗ suka daɗe suna yi wa masu buga Hausa. Ya kuma daina tilasta liƙa harafin n a ƙarshen sunan da aiki ya faɗa a kansa.

Abin da ya fi yi wa mutane ciwo shi ne, Louis de Beaufront, wanda Zamenhof ya tura ya kare Esperanto a gaban kwamitin, shi ne ya koma bayan Ido. Da dama sun ɗauki hakan cin amana.

Wasu fitattun jagorori sun bi Ido, amma akasarin masu magana ba su motsa ba. Su kuwa 'yan Ido, da suka fara gyara sai suka kasa tsayawa, har sai da su ma suka ayyana wa'adin daina taɓa harshen. Couturat ya rasu a hatsarin mota a 1914, shi kuma masanin harsunan nan ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, ya fice ya fito da nasa harshen, Novial, a 1928.

Sauyi daga bakin jama'a

Duk da haka, Esperanton yau ba na 1905 ba ne. An sami kalmomi kamar komputilo, wato kwamfuta, da interreto, wato intanet, kuma harafin ĥ ya ja baya a kalmomi da yawa, inda ĥemio, wato ilmin sinadarai, ta koma kemio. Aikin hukumar Akademio de Esperanto shi ne ta sa ido, ta kuma tabbatar da abin da ya riga ya zauna a bakin mutane.

Takaddamar da ta fi zafi a shekarun baya-bayan nan ta jinsi ce. Ana samar da kalmar uwa, patrino, daga ta uba, patro, abin da wasu ke ganin fifita namiji ne. Masu wannan ra'ayi na amfani da ri, wakilin suna da bai bambanta mace da namiji ba, yayin da masu adawa ke cewa babu shi a Fundamento.