Cutar da ake haihuwar ɓera da ita

A gidajenmu ɓera abin kora ne, amma a ɗakunan bincike na duniya babu dabbar da ake gwada magani a kanta kamar shi. Na daɗe ina bibiyar tarihin cututtukan da ke kama waɗannan ɓeraye tun kafin mai bincike ya sa musu komai, kuma abin da na fahimta shi ne ƙwayar cutar da ta fi yaɗuwa a cikinsu ita ce wadda ba ta nuna kanta.

Bari in fara da mai nuna kanta. A 1930, a wata cibiyar binciken lafiya da ke Landan, wata mai bincike, J. Marchal, ta bayyana wata cuta da ke kumbura ƙafafun ɓeraye har su guntule, wasu kuma su mutu farat ɗaya. Daga baya aka gane ƴar uwar agana ce. A birnin Melbon na Ostareliya, Frank Fenner ya bi sawunta, ya wallafa sakamakonsa a 1948. Tana shiga ta ƙaramin ƙurji a fata, ta tsaya a kaluluwa, ta bi jini zuwa hanta da saifa, sannan ta fito a fata, inda take kama ɓera na gaba. Irin wannan cuta tana ɓarna, amma gawa na tona mata asiri.

Ta biyun macijin ƙaiƙayi ce. A 1935 wani likitan dabbobi Bajamushe, Erich Traub, yana aiki a cibiyar Rockefeller da ke Princeton a Amurka, sai ya gano wata ƙwayar bairas a cikin fararen ɓerayen cibiyar. Ita ce ake kira LCMV, mai iya jawo wa mutum wani nau'in sanƙarau. Traub ya sa ido a kan ɓerayen na tsawon shekaru. Ya ga uwa tana ba ƴaƴanta ƙwayar tun suna ciki, su kuma su girma da ita a jini, suna zubar da ita a fitsari da majina har ƙarshen rayuwarsu. Cikin ƴan shekaru ta game gidan gaba ɗaya, alhali kuwa ɓerayen garau suke a ido.

Me ya hana jikinsu yaƙar ta? Wannan tambaya ce ta taimaka wa Macfarlane Burnet da Fenner a 1949 suka kawo bayanin cewa abin da jiki ya tarar tun yana ciki, nasa yake ɗaukar sa, ba ya far masa. A kan wannan tunani Burnet ya samu kyautar Nobel a 1960 tare da Peter Medawar. Mu ma abin ya shafe mu, domin LCMV dangi ɗaya suke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma ɓeran da ke ɗauke da ita shi ma yawonsa yake ba tare da ciwo ba.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannun mai bincike shi ma hanya ne. A 1995 aganar ɓera ta ɓulla a cibiyar binciken lafiya ta sojan ruwan Amurka da ke Bethesda. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ta shigo ne cikin ruwan jinin ɓera da aka saya aka yi wa wasu allura da shi.

Saboda haka aka ƙirƙiro dabaru. Ana fiɗo ƴaƴa daga cikin uwa ta hanyar tiyata a ba wata mai tsafta ta shayar da su. Ana rufe keji da matatar iska. Ana kuma kwantar da wasu ɓeraye kan tsohuwar shimfiɗar sauran, a riƙa gwada jininsu, su zama ƴan tsaro.

Sai dai tsaftar ta zo da nata. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka nuna cewa garkuwar jikin ɓeran ɗakin bincike ta fi kama da ta jinjiri sabuwar haihuwa. Da suka haɗa su keji ɗaya da ɓerayen kantin dabbobi, wasu suka mutu, waɗanda suka tsira kuwa garkuwarsu ta koma kusa da ta babban mutum.

Shi ya sa, ya kai mai karatu, in na ji an ce wani magani ya yi aiki a jikin ɓera, nakan fara da tambaya: wane ɓera, kuma waɗanne cututtuka ya taɓa gamuwa da su? Maganin dai ba jinjiri kaɗai zai sha ba. Har da mu, da muka girma cikin mura, ƙyanda da zazzaɓi.