Amsar Wasiƙunku: Boren Satiru da na Yahudawa

Wani manomi daga Ƙanƙara ya aiko yana tambaya: shin talakawa sun taɓa kayar da sojan Turawa a ƙasarmu? To malam, an yi, kuma a ƙasar Sakkwato aka yi.

Satiru ƙauye ne kudu da birnin Sakkwato. Manoma da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu suka taru a can, bayan Malam Isa da wani makahon malami da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya fito daga ƙasar Zabarma. Suna wa'azin bayyanar Mahadi. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, muƙaddashin Razdan Hillary ya je da sojoji a kan dawaki don ya kama shugabannin. Mutanen gari suka auka musu da gatura da fartanyu da baka. Turawa 3 da sojoji 25 suka mutu, har bindiga mai ruwa aka ƙwace.

Murna ba ta kai wata guda ba. Ranar 10 ga Maris Gwamna Lugga ya turo babbar runduna. Aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa duk wanda zai sake zama a wurin. Ɗan Makaho kuwa aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato.

Irin wannan ya faru tun zamanin da. A shekara ta 66 miladiyya Yahudawa suka yi wa Rumawa bore, bayan gwamnan Rum ya ɗebi kuɗi daga babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus. Su ma sun ci karon farko, don sun fatattaki rundunar Rum a mashigin Bet-Horon. Rum ta dawo da ƙarfinta duka. A shekara ta 70 Titus ya ci birnin, aka ƙone ɗakin ibadar, aka kwashe dubban mutane bayi.

Kun ga ke nan, malam. Mai mulki idan aka kunyata shi a idon talakawansa, ramuwarsa ta kan wuce laifin, kuma mata da yara da masu gona su ne kan biya bashin. Duk wanda ya kira ku tashin hankali, ku tambaye shi abin da ya shirya wa rana ta biyu.

Muna gaida masu sauraronmu na Faskari da Sabuwa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.