Sabara da Al'adar Sassabe

Tun a zamanin da ƙasa take da yalwa, har manomi yana iya barin gonarsa ta huta shekaru ta koma saura, magabata suka lura cewa tsiron da yake fara mamaye jigawar da gero ya gajiyar shi ne sabara, kuma a kan wannan lura suka gina wani fanni na sanin ƙasa, wanda ɗa yake ɗauka daga bakin uba a bakin gona. Alamomin sabara kuwa ba sa ɓuya ga mai basira: ƙananan ganyaye masu launin toka, da baƙaƙen ɗige-ɗige a bayansu, da fure dunƙulalle mai ruwan ɗorawa, sa'an nan 'ya'ya sirara masu laushin gashi. Wanda ya rikita ta da geza bai san daji ba, domin geza ta fi son fako da tsakuwa, 'ya'yanta masu fukafukai huɗu ne, ganyenta kuma yakan yi ja da rani, alhali sabara tana riƙe da nata.

Masu magani sun daɗe suna dafa ganyenta saboda gudawa da tari da hidimar mai jego, makiyaya kuma suna turara shi don korar ƙuda daga garke, har wani likita mai suna Dalziel ya shigar da sunanta cikin littafinsa na sunayen tsirran Hausa a 1916. Amma duk da wannan fa'ida, hukuncinta a gona sara ne da ƙonewa: kowace bazara a sassabe ta, ita kuwa, da yake saiwarta ta yi nisa, ta sake tofowa.

Da jama'a ta yawaita, saura ta ƙare, farin 1973 da na 1984 suka bar gonakin Maraɗi tsirara, iska tana binne shuka da rairayi, sai Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, da manoman yankin suka koma ga kututturan da aka raina, suna barin reshe biyu ko uku su girma, abin da aka kira sassaben zamani. Daga baya masana a Senegal suka tabbatar da hujjar abin, cewa da dare saiwar sabara tana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa sama, geron da yake maƙwabtaka da ita ya sha.