Abin da Gindin Kwanso Yake Faɗa Game da Yaƙin Garwa

A wasu tsofaffin gidaje na Garwa da Marwa da Ngaundare akan tarar da kwanson harsashin igwa, na tagulla, a ajiye a lungun ɗaki. Wani an mai da shi mazubin turaren wuta, wani ana zuba masa alƙaluma. In ka tambayi asalinsa, amsar kusan ɗaya ce: na yaƙin Jaman ne, kaka ya tsinta. Wannan magana tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama ƙarin gishirin jikoki. Mai raba gardamar yana nan a gindin kwanson, domin maƙeran Turai ba sa sakin kwanso sai sun buga masa shaida.

Sai dai kafin karatun shaida, a san yaƙin. A ƙarshen Agusta 1914 sojan Ingila suka taso daga Yola suka auka wa Garwa, Jamusawa suka kore su, har kwamandansu ya mutu. Suka komo a 1915 tare da Faransawa, ƙarƙashin Kanar Cunliffe da Kanar Brisset. A wannan karon sun zo da manyan igwa biyu: ɗaya ta jirgin ruwan yaƙin Ingila, wadda aka hau da ita ta Kwara da Binuwai, ɗayar ta Faransa mai bakin milimita 95. Ruwan wutarsu ya karya zuciyar sojan Jamus baƙar fata, wasu suka faɗa Binuwai don su tsira, kogi ya ci da yawa, Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915. Dutsen Mora ne ya yi taurin kai, sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 von Raben ya ajiye makami, yaƙin Kamaru ya ƙare. A riƙe wannan rana, ita ce ma'auni.

A kife kwanson, a wanke gindin da ruwa da sabulu, a goga alli a share, farin zai zauna cikin haruffa. Kada a kankare da yashi ko wuƙa. Na ga inda son ƙyalli ya shafe shekarar da ake nema.

Na Ingila ya fi kowanne surutu. Da farko akwai 'yar alama kamar sawun kaza, layi uku da suka haɗu a tsini, ma'anarta kayan gwamnati ne. Sannan sunan igwar, wanda sau da yawa nauyin harsashinta ne da laba: 12 PR, ko 18 PR, ko 25 PR. Harafin N yana nuna kayan sojan ruwa, saboda haka kwanso mai 12 PR da N, mai baki kamar milimita 76, shi ne irin na igwar jirgin nan. Rundunar Nijeriya kuwa, wadda Hausawa suke da yawa a cikinta, har Hausa ce harshen bariki, ƙaramar igwar hawan dutse take ɗauka, mai bakin inci 2.95, ana kwance ta gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗora a ka. Mai 25 PR ba shi da haɗi da Jaman na Kamaru, igwar Yaƙin Duniya na Biyu ce. RL sunan maƙera ne, ta gwamnati da ke Woolwich a Landan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne CF. C sunan irin albarushin ne, F kuwa cikakken awo. Ingilishi ba sa yar da kwanso in yana da sauran ƙarfi, sukan mai da shi maƙera a gyara a sake ɗurawa, kowane ɗuri a ƙara harafi. In ka ga CFF, sau biyu ke nan aka ɗura shi. Shi ya sa ake samun shekara biyu a gindi ɗaya: ta kwanson kansa, da ta ɗan maɓallin tsakiya wanda allurar igwa take duka wuta ta tashi. Maɓallin akan sake shi a kowane ɗuri, don haka shekararsa ta fi kusa da ranar harbi.

Jamusawa sukan rubuta sunan maƙera ɓaro-ɓaro, kamar PATRONENFABRIK KARLSRUHE ko POLTE MAGDEBURG, da wata da shekara. Watan ma yana tona asiri, domin MRZ da OKT da DEZ rubutun Jamusanci ne na Maris da Oktoba da Disamba. M mai kambin sarauta a kai na sojan ruwansu ne. To ga inda ma'auni yake aiki. Duwala ta faɗi tun 27 ga Satumba 1914, hanyar teku ta toshe, abin da aka harba daga ganuwar Garwa kayan da ke ƙasar ne tun kafin nan. Kwanson Jamus mai 1917 ko 1918, kome kyansa, bai ga yaƙin Kamaru ba. Daga Turai ya zo, a akwatin wani jami'in mulki ko tsohon soja.

Na Faransa da aka fi gani yana ɗauke da 75 DE C, wato igwar fili mai milimita 75, da haruffan maƙera irin su APX na Puteaux ko ARS na Rennes, da lambar rukuni, da shekara mai lamba biyu. Amma duk wanda ya ce yana da kwanson babbar igwar nan ta milimita 95 da ta rusa Garwa, a yi masa uzuri. Tsohuwar ƙira ce, albarushinta a jakar ƙyalle ake sa shi, ya ƙone ƙurmus, ba ta barin kwanso.

Ko da shekara ta dace, gindin kwanso yana faɗin inda aka ƙera shi da lokacin, ba ya faɗin inda aka harba shi. Wannan sai bakin dattawa: wane kaka, a wace gona, ta wane gefen kogi. Ina roƙon masu irin wannan kaya su ɗora takarda a gindin su goga fensir, su rubuta labarin gidansu a bayanta tun masu labarin suna raye, domin masu sayen tsohon ƙarfe da kilo suke biyan tagulla, ba su tambayar shekara.

Duk wannan a kan kwanson da ba kome a cikinsa ne. In maɓallin tsakiya ba shi da lotsawar allura, bai tashi ba tukuna, kada a doke shi, kada a sa masa garwashin turare. In kuwa manomi ya tono harsashin kansa, dunƙulen ƙarfe mai tsini da ɗamarar jan ƙarfe a ƙugu, shekara ɗari ba ta kashe abin da ke cikinsa. A bar shi inda yake, a kori yara, a sanar da jandarma.