Naushad Ali (1919–2006)

Naushad Ali makaɗin finafinan Indiya ne da ya shafe fiye da shekara 60 yana tsara kiɗa da karin waƙa. An haife shi a birnin Lakno a watan Disamban 1919. Mahaifinsa, Wahid Ali, magatakardan kotu ne, kuma ba ya son ɗansa ya kusanci kiɗa ko kaɗan. Yaron bai ji ba. Yakan gyara akwatin kiɗan nan da ake kira harmoniyam, da dare kuma ya tafi silima ya zauna kusa da makaɗan da ke raka finafinan wancan zamani marasa magana. A nan ya koyi yadda sauti ke bin hoto.

A 1937 ya bar gida ya nufi Bombay, inda ya yi kwanan bakin titi kafin ya samu shiga. Fim ɗin farko da ya yi wa kiɗa shi kaɗai shi ne Prem Nagar a 1940, amma Rattan na 1944 ne ya fito da sunansa. Baiju Bawra na 1952 ya kawo masa kyautar Filmfare ta farko da aka taɓa bai wa mai tsara kiɗa. A fim ɗin ya gina waƙoƙin a kan raga, wato tsohon tsarin karin sauti na ƙasar Hindu, ya ɗora muryoyin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar a kan baitocin Shakeel Badayuni. Bai ƙi kayan kiɗan Turawa ba, don a fim ɗin Aan ya tara makaɗa kusan 100, sai dai karin waƙar daga gida yake ɗauko shi, musamman daga bakin mutanen karkara.

A ƙasar Hausa aikinsa ya fi sunansa tafiya. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka fara shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950, kuma Mother India na 1957, wanda Mehboob Khan ya ba da umarni, ya daɗe ana maimaita shi a silimun Kano. Labarin wata manomiya ce, Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonarta da shanunta, har ta kai ita ce ke jan garma da kafaɗarta, 'ya'yanta ƙanana suna biye. A wannan wuri Naushad ya sa Lata da ƙannenta biyu, Meena da Usha, suka rera waƙar da tafiyarta ke da nauyi irin na mai jan kaya. Fim ɗin ya buɗe ne da ranar sakin ruwa a sabon kanal na ƙauyen. Duk mai noman rani a Kura ko Bunkure, wanda shinkafarsa da tumatirinsa ke jiran ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane abin da wannan rana take nufi, balle zafin bashin da ake ci kafin girbi.

Bayan Mother India, Naushad ya yi Mughal-e-Azam a 1960 da Ganga Jamuna a 1961. Daga shekarun 1970 aikinsa ya ragu, saboda kasuwa ta karkata ga salon Turawa, shi kuma ya ƙi sauya hanya, yana sukar kwaikwayo a fili. A nan gaskiya na tare da shi. An ba shi lambar Dadasaheb Phalke ta 1981 da Padma Bhushan a 1992. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Taj Mahal na 2005. Ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta da, ranar 5 ga Mayu, 2006.